Gyaran Hali da Lafiyar Ɗaurarru: Abin da Bincike Ya Gano da Inda Dokar Nijeriya ta 2019 Ta Tsaya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar muhimman binciken da aka gudanar cikin shekaru 50 da suka gabata a kan gyaran halin ɗaurarru da kula da lafiyarsu, sannan ta auna dokar hukumar gidajen gyaran hali ta Nijeriya ta shekarar 2019 da abin da binciken ya gano. Matsayin maƙalar shi ne cewa koyar da sana'a da karatu da nasiha ba su isa su gyara mutumin da ke fama da cuta ko taɓin hankali ko shaye-shaye ba, kuma duk maganin da aka fara a cikin gidan yari aka yanke shi a ranar sallama ya zama asara ga mai shi da kuma al'umma. Saboda haka maƙalar ta ba da shawarar a ɗora alhakin lafiyar ɗaurarru a kan hukumomin lafiya na ƙasa da na jihohi, kuma a fara shirin sallama tun ranar da aka karɓi mutum.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar da ta maye gurbin dokar gidajen yari ta 1972, wadda ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa hukumar gidajen gyaran hali, ta kuma raba aikinta gida biyu, wato sashen tsare mutane da sashen hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar aikin hidima ga al'umma da ɗaurin talala da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Sauyin ya nuna cewa ƙasar ta amince, aƙalla a rubuce, cewa manufar ɗauri ba ta tsaya ga horo kaɗai ba. Tambayar da ta rage ita ce ta hanyar da za a bi a cim ma wannan manufa, kuma a nan ne binciken masana na ƙasashe daban-daban yake da abin faɗa, domin an daɗe ana gwada dabaru iri-iri ana auna sakamakonsu, har an san waɗanda suka yi tasiri da waɗanda aka kashe kuɗi a kansu a banza.

2.0 Ma'anar gyaran hali da walwala

A wannan maƙala, gyaran hali na nufin duk wani shiri da ake yi da gangan domin mutumin da aka ɗaure ya fito da ƙarfin rayuwa cikin jama'a ba tare da ya koma ga laifi ba, kuma masana sukan auna shi da yawan waɗanda aka sake kamawa ko aka sake yanke wa hukunci cikin wani adadi na shekaru bayan sallama. Walwala kuwa ta ƙunshi lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa da kwanciyar hankali da jin cewa ana mutunta mutum, ko da yana tsare. A fagen kiwon lafiya ma akwai irin wannan aiki, inda ake ƙoƙarin mayar da mai taɓin hankali ko mai shaye-shaye kan harkokinsa bayan jinya, kuma masanin zamantakewa Erving Goffman ya nuna tun a 1961 cewa asibitin masu taɓin hankali da gidan yari suna da kamanni, domin a kowannensu mutum yana kwana, yana ci, yana aiki a wuri guda, ƙarƙashin hukuma guda da jadawali guda, har ya saba da a yanke masa shawara a kan komai. Wannan sabo shi ne babban abin da ke wahalar da komawa gida, ko daga asibiti aka fito ko daga kurkuku.

3.0 Tarihin muhawara a kan tasirin gyaran hali

A 1974 wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Martinson ya wallafa taƙaitaccen sakamakon bitar bincike 231 da aka yi tsakanin 1945 da 1967, inda ya kammala cewa, in ban da 'yan kaɗan, shirye-shiryen gyaran hali ba su rage komawa ga laifi ba. 'Yan siyasa suka karɓi wannan magana hannu bibbiyu, suka kafa hujja da ita wajen tsawaita ɗauri da rage kuɗin koyarwa, duk da cewa shi Martinson ya sassauta matsayinsa a 1979. Amsar da ta fi ƙarfi ta fito daga Kanada a 1990, lokacin da Don Andrews da James Bonta da Robert Hoge suka nuna cewa shiri yana yin tasiri idan ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, a fi mayar da hankali kan waɗanda suka fi haɗarin komawa ga laifi, domin cakuɗa mai ƙaramin laifi da riƙaƙƙu kan ƙara lalata shi. Na biyu, a tunkari abubuwan da ke jawo laifin kai tsaye, irin su shaye-shaye da miyagun abokai da rashin aikin yi. Na uku, a koyar da mutum ta hanyar da ta dace da fahimtarsa da harshensa da halin lafiyarsa.

Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan fahimta. A 2013 cibiyar RAND ta Amurka ta tattara binciken da aka yi a kan karatu a gidan yari, ta gano cewa yiwuwar komawa kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin 100 ga waɗanda suka shiga shirin ilimi idan aka kwatanta su da waɗanda ba su shiga ba. A ƙasar Norwe kuwa, Manudeep Bhuller da abokan aikinsa sun yi amfani da yadda ake raba shari'o'i ga alƙalai ba tare da zaɓi ba, suka kwatanta mutanen da laifinsu ya yi kama amma wasu suka faɗa hannun alƙali mai tsanani wasu kuma mai sassauci, kuma a sakamakon da suka wallafa a 2020 sun nuna cewa ɗauri a can ya rage komawa ga laifi, amma ragin ya fi fitowa ne daga waɗanda ba su da aikin yi kafin a ɗaure su, suka samu horon sana'a a ciki, suka kama aiki bayan sun fito. A Ingila, Alison Liebling ta Jami'ar Kambirij ta ƙirƙiro hanyar auna ingancin rayuwa a gidan yari ta tambayar ɗaurarru kansu game da adalci da tsaro da yadda gandirobobi ke mu'amala da su, kuma aikinta ya nuna cewa inda waɗannan suka yi ƙaranci, damuwa da kashe kai sukan yi yawa.

Sharaɗi na uku na masanan Kanada shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali a kansa sauran suka dogara, domin mutumin da tari ya hana shi barci, ko yake jin muryoyin da babu su, ko jikinsa ke karkarwa saboda rashin ƙwayar da ya saba sha, ba zai amfana da ajin karatu ko shagon kafinta ba, komai kyawun tsarinsu.

4.0 Nauyin cuta a gidan yari

A 2002 Seena Fazel da John Danesh suka wallafa a mujallar Lancet bitar bincike 62 daga ƙasashe 12, wanda ya shafi ɗaurarru kusan 23,000, suka gano cewa kimanin mutum ɗaya cikin bakwai yana fama da taɓin hankali mai tsanani ko ciwon damuwa mai zurfi, adadin da ya ninka na sauran jama'a. Dalilin a fili yake, tun da yawancin waɗanda ake ɗaurewa sun fito ne daga talakawan da dama can ba su samun asibiti, sannan cunkoso da rashin iska da ƙarancin abinci su ƙara musu wata cutar a kan wadda suka shigo da ita. Tarin fuka shi ne misali mafi bayyana, domin ƙwayarsa tana bin iska ne, kuma ɗakin da aka gina don mutum goma aka zuba hamsin, mai taga ɗaya can sama, ya ishe ta yaɗuwa daga mutum ɗaya zuwa sauran cikin 'yan watanni. Cutar ba ta tsayawa a cikin katanga, domin gandiroba yana komawa gidansa kullum, 'yan ziyara suna shiga suna fita, ɗaurarren ma wata rana zai fito. David Stuckler da abokansa sun nuna a 2008 cewa a ƙasashen gabashin Turai da tsakiyar Asiya, ƙaruwar yawan ɗaurarru ta tafi tare da ƙaruwar tarin fuka a cikin jama'a baki ɗaya.

5.0 Makonnin farko bayan sallama

Sakamakon da ya fi girgiza masana a wannan fage shi ne wanda Ingrid Binswanger da abokan aikinta suka wallafa a 2007, bayan sun bi diddigin mutum 30,237 da aka sallama daga gidajen yarin jihar Washinton ta Amurka tsakanin 1999 da 2003. Sun gano cewa a makonni biyu na farko haɗarin mutuwar wanda aka sallama ya ninka na sauran mazauna jihar sau 12.7, haɗarin mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima kuwa ya ninka sau 129. Abin da ke faruwa shi ne jikin mai shan ƙwaya yakan saba da wani adadi, idan ya yi watanni a tsare sabon ya ragu, da ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da sai numfashinsa ya tsaya. An kuma gano cewa ana iya kauce wa wannan, domin binciken John Marsden da abokansa a Ingila a 2017 ya nuna cewa waɗanda aka sallama suna kan maganin maye gurbin ƙwaya, wato magani irin methadone da likita ke bayarwa a aune don hana jiki neman ƙwayar, haɗarin mutuwarsu a watan farko ya ragu da kimanin kashi 75 cikin 100.

Ƙwayar da ake sha a Amurka da Ingila ta bambanta da wadda ta fi yawa a Nijeriya, amma tiramadol da maganin tari mai kodin dangi ɗaya ne da ita wajen yadda suke aiki a jiki, kuma binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekaru 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Haka kuma matsalar yankewar magani ba ta tsaya ga ƙwaya ba. Maganin tarin fuka watanni shida ake shan sa ba fashi, wanda ya bari a wata na uku kuwa yana iya fitowa da nau'in da ba ya jin magani, ya kai wa iyalinsa, kuma haka lamarin yake ga maganin cuta mai karya garkuwar jiki da na farfaɗiya da na taɓin hankali.

6.0 Wanda ya kamata ya ɗauki alhaki

Dokokin Nelson Mandela guda 122, waɗanda Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a watan Disamba na 2015 a matsayin mafi ƙarancin abin da ya wajaba a yi wa ɗaurarre, sun tanadi cewa ya samu kulawar lafiya daidai da wadda ake samu a waje, a tsara ta tare da hukumar lafiya ta ƙasa yadda magani ba zai yanke ba, a duba shi da zarar an karɓe shi, kuma hukuncin da ya shafi jinya ya kasance a hannun ma'aikacin lafiya, ba a hannun shugaban gidan yari ba. Wasu ƙasashe sun riga dokokin ɗaukar wannan mataki. Norwe ta mayar da lafiyar ɗaurarru hannun hukumomin lafiya na gwamnati a 1988, bisa tsarin da ke cewa malamin makaranta da likita da mai kula da laburare su shigo daga gari su yi aiki a gidan yari alhali suna ƙarƙashin hukumominsu na asali. Faransa ta haɗa gidajen yarinta da asibitocin gwamnati da dokar 1994, Ingila kuma ta kammala miƙa aikin ga hukumar lafiya ta ƙasa a 2006.

Amfanin wannan tsari iri uku ne. Likitan da albashinsa da ƙarin girmansa ba su hannun hukumar tsaro ya fi samun bakin faɗin cewa wane bai iya zaman ɗakin horo ba ko dole a kai shi asibiti yau, ɗaurarre ya fi sakin jiki ya faɗa masa abin da ke damun sa, sannan katin asibitin da aka buɗe masa a ciki yana aiki a waje tun da hukuma ɗaya ce. Norwe ƙasa ce mai arziki wadda ɗaurarrunta ba su kai 4,000 ba, don haka gine-ginenta irin na gidan yarin Halden ba abin kwaikwayo ba ne ga ƙasa mai ƙaramin ƙarfi, amma raba alhaki tsakanin ma'aikatu batu ne na tsari kafin ya zama na kuɗi.

Nijeriya ma tana da nata tarihin a ɓangaren asibiti. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke zama a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa da ya rako shi, suna zuwa asibiti da rana suna komawa masauki da yamma, suna zuwa kasuwa da gona kamar kowa. Hikimar tsarin ita ce ba a yanke majinyaci daga dangi da aiki ba, don haka ranar sallama ba ta zame masa faɗawa baƙuwar duniya ba, kuma ɗan'uwan da ya yi jinyar ya koma gida ya san maganin da alamomin dawowar ciwon.

7.0 Halin da ake ciki a Nijeriya

Dokar 2019 ta zo da tanade-tanade masu kyau, ciki har da bai wa hukumar ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan gida ya cika bayan ta sanar da babban jojin jiha da sauran masu ruwa da tsaki, da hana karɓar wanda aka kawo da mummunan rauni ko cikin taɓin hankali ko wanda shekarunsa ba su kai ba. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa ta buɗe cibiyoyi a wasu gidajen, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a watan Janairu na 2023 ta maye gurbin ta 1958, gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 kuma ya ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali. Sai dai lafiyar ɗaurarru tana nan ƙarƙashin hukumar da ke ma'aikatar harkokin cikin gida, likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba, kuɗin ciyar da mutum ɗaya a rana kuwa, ko bayan ƙarin da aka yi a 2024 daga Naira 750 zuwa 1,125, bai wuce na gabza ba, balle ya ishi mai shan maganin tarin fuka da jikinsa ke neman abinci mai gina jiki.

Babban abin da ya raba Nijeriya da ƙasashen da aka yi yawancin binciken shi ne kimanin kashi biyu bisa uku na waɗanda ke tsare, waɗanda yawansu ya kai wajen 80,000 a 'yan shekarun nan, masu jiran shari'a ne. Shirye-shiryen sana'a da karatu an tsara su ne da tunanin wanda aka yanke wa hukunci, wanda aka san ranar fitarsa. Mai jiran shari'a kuwa ana iya ɗaukar sa zuwa kotu da safe, alƙali ya ba da belinsa ko ya kori ƙarar, ko babban joji ya sallame shi a ziyarar rage cunkoso, ya wuce tasha da rigar da ke jikinsa, alhali ragowar maganinsa da katinsa suna cikin kabad a ɗakin shan magani, ma'aikacin jinyar ma ba zai san ya tafi ba sai washegari da bai zo karɓar ƙwayoyinsa ba. Tsarin da ke jiran makonnin ƙarshe kafin a shirya sallama ba zai taɓa riskar irin wannan mutum ba, kuma su ne mafi rinjaye.

Inda hukuma ta bar giɓi, iyaye sukan nemi mafita da kansu, abin da ya sa gidajen mari suka cika da matasa masu shaye-shaye da masu taɓin hankali. Samamen da 'yan sanda suka kai a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, da wanda ya biyo baya a Daura, sun fito da ɗaruruwan mutane, wasu ɗaure da sarƙa, kuma rufe irin waɗannan gidaje ba tare da samar da madadi ba yana nufin yaron da aka kwance daga mari yau yana iya ƙarewa a gidan yari gobe.

8.0 Shawarwari da kammalawa

Daga abin da ya gabata, maƙalar tana ba da shawarwari huɗu. Na farko, a ƙulla kowane gidan gyaran hali da asibitin gwamnati mafi kusa, ma'aikatansa su riƙa shiga suna aiki ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano da na Maiduguri kuma su ɗauki nauyin duba gidajen da ke yankinsu a kai a kai. Na biyu, a duba kowa a ranar karɓa game da tarin fuka da taɓin hankali da shaye-shaye, a rubuta sunan asibitin unguwarsu da ɗan'uwan da za a tuntuɓa, kuma duk mai shan magani ya tafi kotu da takardar turawa asibiti da maganin 'yan kwanaki a hannun jami'in da ya raka shi. Na uku, kotuna su yi amfani da hukuncin da ba na tsarewa ba ga masu ƙananan laifuka da ciwo ko ƙwaya suka jawo, tare da sharaɗin zuwa asibiti. Na huɗu, jami'o'i su haɗa kai da hukumar wajen bin diddigin waɗanda aka sallama na aƙalla shekara guda, a san nawa suka ci gaba da magani, nawa suka samu abin yi, nawa suka dawo, nawa suka rasu.

Binciken shekaru 50 ya tabbatar da cewa gyaran hali yana yiwuwa, ya kuma nuna cewa sakamakonsa ya dogara ne da lafiyar wanda ake gyarawa da abin da ya tarar a makonninsa na farko a waje. Dokar 2019 ta ayyana manufa, gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi dama, kuma tun da asibitocin jiha da na matakin farko suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi, jihar da ta so tana iya fara haɗa gidan yari ɗaya da asibiti ɗaya a gwada, a auna, kafin a faɗaɗa.